Bayan an buɗe jijiyar zuciya: abin da ke samun jiki da rai, da abin da iyali ya kamata su sani

A da, in aka ce za a yi wa mutum aikin zuciya, hankalin kowa Indiya ko Masar yake tafiya. Yanzu kuwa ana yi a Legas da Abuja da wasu manyan biranen ƙasar nan. Sai ka ga mutumin da kuke zaman majalisa da shi a Agege ko Idi-Araba an kwantar da shi ranar Litinin, Laraba ya dawo gida, ba ɗinki a ƙirji, sai 'yar filasta a wuyan hannu. 'Yan dubiya su cika falo, kowa na cewa ai Alhaji ya warke, Allah Ya kiyaye gaba.

To, a nan ne ake yin kuskure. Aikin ya buɗe hanyar jinin da ta toshe, amma ciwon da ya toshe ta yana nan a jiki. Kuma makonnin da ke biyo bayan sallama suna zuwa da nasu wahalhalun, wasu a jiki, wasu a rai. Galibi ba a yi wa marar lafiya da iyalinsa cikakken bayaninsu, ko kuma a yi musu da Turanci cikin gaggawa a bakin ƙofar ofishin likita.

Wane aiki aka yi masa?

Zuciya tsoka ce, ita ma tana buƙatar jini, kuma tana samunsa ta wasu jijiyoyi da suka kwanta a kanta. Hawan jini, ciwon suga, shan taba da yawan kitse a jini su ne ke sa wani dasƙi ya riƙa taruwa a bangon jijiyoyin nan har hanya ta ƙuntace. Mutum ya fara jin nauyi a ƙirji in ya yi sauri ko ya hau bene. In gudan jini ya zo ya rufe hanyar gaba ɗaya, shi ne ake cewa bugun zuciya ya same shi.

Hanya biyu ake bi a gyara. Ta farko ba a yanka ƙirji. Ana zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matse-matsi har ya kai zuciya, a hura wani ɗan balan-balan a inda ya toshe, sannan yawanci a bar wata 'yar raga ta ƙarfe da ake kira sitent ta tokare wurin. Wani likita Bajamushe, Andreas Grüntzig, shi ya fara aikin balan-balan ɗin a birnin Zurik a watan Satumba na 1977, a kan wani mutum ɗan shekara 38. An fara sa sitent a jijiyar zuciyar ɗan'adam a 1986, sannan a farkon shekarun 2000 aka fito da mai ɗauke da magani a jikinsa, wanda ke rage sake toshewa.

Ta biyu ita ce babbar tiyata, wato baifas. Sunan daidai yake da na titin da ke zagaye gari don kauce wa cunkoso. Ana tsaga ƙashin ƙirji, a ɗauko jijiya daga ƙafa ko hannu ko cikin ƙirjin, a ɗinka ta ta zagaye wurin da ya toshe. René Favaloro, likita ɗan ƙasar Ajantina, shi ya kafa wannan aikin a Amurka daga 1967. A Najeriya kuwa, asibitin koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Inugu ne ya fara buɗe ƙirji don aikin zuciya a 1974.

Sanin wanda aka yi wa mutum a cikin biyun nan yana da muhimmanci, don jinyarsu ta bambanta sosai.

Jiki bayan sitent

Wurin da aka huda yakan yi tsami, jini ya kwanta ya yi baƙi-baƙi, wani lokaci da ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake. Wannan yakan baje cikin mako biyu zuwa uku. Amma in wurin ya ɓalle da jini, a danne shi da ƙarfi da tsumma mai tsabta, in a cinya ne mutum ya kwanta rigingine. In ya ƙi tsayawa, ko kumburin na ƙaruwa da sauri, ko hannun ya yi sanyi ya dushe, sai asibiti.

Ana son a yi kamar mako guda ba a ɗaga abu mai nauyi ba. Jarkar ruwa, buhun shinkafa, jan igiyar janareto, duk a bar wa yara.

Gajiya ita ce abin da ya fi ba mutane mamaki. Wanda aka yi wa aikin ba tare da bugun zuciya ya same shi ba yakan dawo hayyacinsa cikin kwanaki. Wanda kuwa aka garzaya da shi bayan bugun zuciya, wani sashe na tsokar zuciyarsa ya ji rauni, don haka zai iya yin makonni yana jin kasala. Wasu magungunan da ake ba shi don rage gudun zuciya su ma suna ƙara kasalar da ɗan jiri a farko.

Wasu na jin ɗan tsami ko suka a ƙirji a kwanakin farko saboda buɗa jijiyar da aka yi. Ruwan da ake ɗurawa don jijiyoyi su fito a hoto kuma ta ƙoda yake fita, shi ya sa ake cewa a sha ruwa sosai in likita bai hana ba, kuma mai ciwon suga ko ƙoda a sake gwada masa jini.

Akwai tambayoyin da mutane ke jin nauyin yi. Sitent ba ya tsatsa, ba ya gocewa don mutum ya yi tari ko ruku'u, kuma ba ya sa na'urar bincike ta filin jirgi ta yi ƙara. A hankali naman jijiyar yake rufe shi ya zama ɗaya da bangonta.

Jiki bayan baifas

Wannan jinya ce mai tsawo. Yawanci ana yin kamar mako guda a asibiti. Ƙashin ƙirjin da aka tsaga da waya ake ɗaure shi, kuma yana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, a wasu ma har wata 3, musamman dattawa da masu ciwon suga. A tsawon lokacin nan ba a ɗaukar abin da ya wuce kamar kilo 5, ba a tura ƙofa mai nauyi, ba a dogara hannu biyu a ƙasa a yunƙura. Wannan ya shafi salla kai tsaye, domin tashi daga sujada da dogara hannu yana jan ƙashin. Mutum ya yi sallarsa a zaune a kujera har likita ya ba shi izini, addini ya yi masa wannan sauƙin. In tari ko atishawa ta zo, ya rungume filo a ƙirji.

Ƙafar da aka ciro jijiya takan kumbura, ta yi ɗan mutuwa a gefen ɗinkin. Ɗora ta a kan filo in ana zaune yana taimakawa. Ciwon kafaɗa da baya, rashin son abinci, canjin ɗanɗano a baki, taurin bayan gida da rashin barci duk sanannu ne, kuma suna wucewa. Kusan mutum 1 cikin 3 zuciyarsa kan rikice da bugawa ba tsari a kwanakin farko, likitoci sun san da wannan, suna da maganinsa.

Abin da ya fi tayar wa iyali hankali shi ne ruɗewa. Dattijo ya farfaɗo bai san inda yake ba, yana ganin abin da babu, ko yana faɗa da ma'aikatan jinya. Wasu sai su ce iska ce ko sammu. Tasirin tiyata ne da magunguna da rashin barci a kan ƙwaƙwalwa, kuma yakan lafa cikin kwanaki. Mantuwa da wahalar tattara hankali kan iya ɗan jimawa, ɗan canji ya ga lissafin da yake yi da ka yana kuɓuce masa. A mafi yawan mutane wannan ma yana gyaruwa cikin watanni.

A riƙa duba ɗinkin kullum. Ja, zafi, fitar mugunya, zazzaɓi, ko jin ƙashin yana motsi yana ƙas-ƙas, duk dalilai ne na komawa asibiti a ranar.

Maganin da ba a wasa da shi

In da abu ɗaya mai karatu zai riƙe a wannan rubutu, to wannan ne. Bayan sitent ana ba da magani biyu masu hana jini daskarewa: asfirin, da wani na biyu, yawanci clopidogrel ko ticagrelor. Kafin nama ya rufe sitent, jini na ganinsa a matsayin baƙon abu, yana iya daskarewa a kansa ya toshe shi farat ɗaya. Wannan toshewar bugun zuciya ce mai tsanani, tana kisa. Ana shan biyun tare wata 6 zuwa 12 gwargwadon halin mutum, sannan yawanci a ci gaba da guda ɗaya har iya rayuwa. Likitan zuciya kaɗai ke da hurumin cewa a tsaya.

Mun san yadda abin ke faruwa a cikinmu. Mutum ya ji garau sai ya ga asarar kuɗi ce. Ko magani ya ƙare yana ƙauye wajen biki, kemis ɗin garin ba shi da shi. Ko wani ya kawo masa jiƙo ya ce wannan ya fi na Bature. Ko mai cire haƙori ya ce ya dakata da shi mako guda. Ko wanne daga cikin waɗannan na iya kai mutum kabari. Mai shirin tafiya gida Arewa ya sayi wanda zai ishe shi har da ƙari, ya sa a aljihu ko jakar hannu, kada ya sa a kayan da za a ɗaure a but. In kuɗin ne ya gagara, a faɗa wa likita gaskiya, sau da yawa akwai irinsa mai rahusa. 'Yan'uwa da ke son taimakawa kuma, sayen maganin wata uku ya fi katan ɗin maltina amfani.

Magungunan nan suna sa jini saurin zuba. Ɗan kwanciyar jini a fata ko jinin dasashi wajen asuwaki ba abin tsoro ba ne. Amma bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, aman jini, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, wannan na gaggawa ne. A guji ƙaho da tsagar wanzami, a guji magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da haɗin da masu talla ke ƙullawa a leda, domin suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Farasitamol ya fi aminci. Ticagrelor kuma yakan sa wasu jin numfashi na sarƙewa, atorvastatin da danginsa kan sa ciwon tsoka. Duk wanda ya ji haka ya koma a canja masa, kada ya yanke da kansa.

Maganar azumi ma likita za a tambaya tun kafin Ramadan. Wanda bai daɗe da bugun zuciya ko tiyata ba, shawarar da ake ba shi ita ce ya sha ya rama daga baya. Wanda jikinsa ya daidaita kuwa ana iya tsara masa lokutan magani tsakanin buɗa-baki da sahur.

Abin da ke samun rai

Wannan ɓangaren ne ba mu cika magana a kai ba. Mutumin da ya ga mutuwa ido da ido ba ya dawowa yadda yake nan take. Da farko akwai murna da godiyar Allah. Bayan 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa, sai fargaba ta shigo. Ko wane ɗan motsi a ƙirji ya ce ciwon ne ya dawo. Ya ƙi barci don tsoron kada ya ƙi farkawa. Ya ƙi fita masallaci shi kaɗai. Ita fargabar kuma tana sa zuciya gudu, numfashi ya yi sama-sama, gumi ya karyo, wato alamomin da suka yi kama da ciwon, sai tsoron ya ninku.

Wani kuma shiru yake yi. Ya daina sha'awar abin da ya saba so, ya daina hira, ya riƙa hawaye ba dalili, ko ya zama mai saurin fushi, uwargida da yara su rasa gane kansa. 'Yan kwanaki na irin wannan ba komai ba ne, musamman bayan baifas. Amma in ya kai mako biyu kullum a haka, to ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne kamar kowane. Bincike ya nuna kusan mutum 1 cikin 5 da suka yi bugun zuciya suna faɗawa cikinsa. A 2008 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa tantance masu ciwon zuciya don gano shi, a 2014 kuma ta sanya shi cikin abubuwan da ke ƙara haɗari bayan bugun zuciya. Dalilin a fili yake ta wani ɓangaren: mai damuwa shi ne ke barin magani, ya ƙi motsa jiki, ya koma wa taba, ya ƙi zuwa ganin likita.

Ga mazaunin Kudu akwai ƙarin nauyi. Mafi yawanmu nema ya kawo mu. Mahauci a Oko-Oba, ɗan dako a Mile 12, direban tirela, mai shayi, dillalin shanu a Lokpanta, kowa da ƙarfin jikinsa yake ci, kuma akwai baki da yawa a nan da can gida da ke jiran abin da zai aiko. Aikin ya cinye jari, wataƙila an sayar da fili ko an ci bashi. Mutumin da ya saba bayarwa ya wayi gari ana ba shi. Wannan yana karya zuciya fiye da ciwon ɗinki, kuma namiji ba zai faɗa ba. Mata kuma sukan koma girki da wanki da wuri, su haɗiye abin da ke damunsu don kada a ce sun cika raki.

Kada a ce wa mai wannan hali ba shi da tawakkali. Mutum na iya cika da imani kuma ciwon damuwa ya kama shi, kamar yadda suga ke kama mai yawan ibada. Addu'a da nasihar malam suna da babban amfani, a haɗa su da gaya wa likita. Akwai magani ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, akwai kuma ƙwayoyi irin su sertraline da aka gwada a kan masu ciwon zuciya. In har mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Matar gida ko ɗan da ke jinya su ma suna ɗauke da nasu tsoron. Wani lokaci tsoron kan sa su hana marar lafiya ko ɗaukar buta, su mai da shi kamar ƙwai. Wannan na ƙara masa jin cewa ya gama amfani. A bar shi ya yi abin da likita ya yarda, a riƙa shawara da shi a harkar gida da kasuwa kamar da.

Komawa harka

Zaman wuri ɗaya ba ya warkar da zuciya. Tafiya a ƙasa ita ce maganin da ba a saya. A fara da minti 5 zuwa 10 a fili mai laushi, da safe ko da yamma in rana ta yi sanyi, a riƙa ƙarawa a hankali har a kai minti 30 a mafi yawan kwanakin mako. Ma'aunin shi ne mutum ya iya magana yana tafiya. A tambayi asibiti ko suna da shirin motsa jiki na masu ciwon zuciya ƙarƙashin kulawar ma'aikata, domin yana rage komawa gadon asibiti, yana kuma rage fargaba.

Game da tuƙi, ƙa'idar da ake bi a Ingila ta isa misali: mai ƙaramar mota mako 1 bayan sitent, mako 4 bayan baifas. Direban babbar mota ko bas kuwa aƙalla mako 6 bayan sitent, wata 3 bayan baifas, kuma sai an sake gwada shi. Ɗan acaba da mai aikin ƙarfi su nemi ranar komawarsu daga bakin likita.

Maganar iyali ma tana cikin lafiya, ko da yake kunya na hana tambaya. Wanda zai iya hawa bene hawa biyu ba ciwon ƙirji ba haki, galibi zai iya kusantar iyalinsa. Bayan baifas a jira ƙashi ya haɗe. Gargaɗi mai ƙarfi a nan shi ne maganin ƙarfin maza. Sildenafil da danginsa in suka haɗu da maganin ciwon ƙirji na ƙarƙashin harshe, ko isosorbide, jini na iya faɗuwa warwas har a rasa rai. An sha gano sinadarin nan a ɓoye cikin kayan da ake tallatawa da sunan na gargajiya, don haka kwalaben tasha da na bakin kasuwa a bar su.

A abinci, a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, kitsen nama, man shanu, soye-soye da lemon kwalba. A ƙara wake, ganye, kifi da 'ya'yan itace, waɗanda Kudu ba ta rasa su. Taba da shisha kuwa babu ragi, bari ake yi gaba ɗaya.

Yaushe za a ruga asibiti?

Nauyi ko matsewa a ƙirji irin na da, musamman in yana tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, da gumi mai sanyi ko amai. In an ba mutum maganin ƙarƙashin harshe ya zauna ya sa, in minti 5 suka wuce bai lafa ba a tafi. Haka in numfashi ya sarƙe yana zaune, ko ya suma, ko baki ya karkace, ko ɓarin jiki ya saki, ko magana ta harɗe. Mata da masu ciwon suga wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirjin sosai, sai haki da gajiya mai tsanani da jin kamar gyambon ciki. Lambar gaggawa ita ce 112, a Legas akwai 767. Marar lafiya kada ya tuƙa kansa, kuma kada a tsaya jiran gari ya waye.

Tun yau iyali su san asibiti mafi kusa da ke iya wannan aikin da hanyar da za a bi in akwai cunkoso. A rubuta sunayen magunguna da ranar da aka yi aikin a takarda, a sa a aljihun marar lafiya, a ɗauki hotonta a wayar mutum biyu na gida. Ranar komawa ganin likita kuma a tafi da wanda ke jin Turanci sosai, a rubuta tambayoyi tun daga gida, har da na barci da fargaba da iyali.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.